MALAM ABDULLAHIN GWANDU DA DAWAKIN CIKIN GARI

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya aiko mini cewa in rubuta tarihin wani babban mutum na ƙasarmu, ban yi dogon tunani ba, domin akwai bashin da na daɗe ina ɗauke da shi. Waɗanda muka yi aji ɗaya za su tuna ranar da malaminmu na tarihi ya kwashe mu a motar makaranta zuwa Gwandu don ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ni dai in faɗi gaskiya, hankalina a ranar yana wajen 'yan kuɗin da aka ba ni daga gida Kalgo da abin da zan saya da su, ban riƙe komai daga bayanin malam ba sai abin da ake tambaya a jarrabawa: ƙanen Shehu ne, shi ne wazirinsa, shi ne Sarkin Gwandu na farko. Sai da na gama jami'a na kama aikin gwamnati, na ga yadda dukiyar jama'a ke shiga da fita, sa'an nan na koma na karanta rayuwarsa, na gane cewa mafi nauyin labarin mutumin nan bai shiga takardar jarrabawa ba. Malam, in wannan ta iso gare ka, a yi mini afuwa.

An haifi Malam Abdullahi a shekarar 1180 ta hijira, wato wajen 1766, yana bayan wansa Shehu Usmanu da kimanin shekara 12. Mahaifinsu shi ne Malam Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsu kuwa Hauwa'u, gidan malanta ne na Toronkawa da ke zaune a Degel ta ƙasar Gobir. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, yana ɗan shekara 13 aka miƙa shi ga Shehu. Daga nan ya bi malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda shi ma Shehun ya yi karatu a wurinsa, kuma daga baya ya jera sunayen malamansa da littattafan da ya karanta a wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi. Tun yana saurayi ya yi fice a Larabci, nahawu da sarfu da waƙa, har ya zama idan malamai suka aiko wa Shehu da suka a waƙe, sau da yawa shi ake ba alƙalami ya mayar da amsa. Ya bi Shehu yawon wa'azi a Kabi da Zamfara shekara da shekaru.

A cikin waɗannan shekaru ne ya ga abin da nake jin bai taɓa mantawa ba. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar babbar salla, ya raba musu kyaututtuka, ya ware wa Shehu zinariya misƙali 500. Shehu bai karɓa ba. Maimakon dukiya ya roƙi abu biyar, a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Abdullahi yana wurin, yana ɗan shekara 22 ko kusa da haka. Ya ga sarki mafi ƙarfin dawaki a yankin nan ya miƙo zinariya an mayar masa da abinsa, ya kuma ga cewa mayarwar ta fi karɓar ƙara wa malami kwarjini.

Sarakunan da suka biyo bayan Bawa ba su yi irin haƙurinsa ba. Nafata ya kafa dokokin hana rawani da lulluɓi, a zamanin Yunfa kuma aka fāɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, aka kwaso mutanenta, jama'ar Shehu suka kwance su yayin da aka biyo da su ta kusa da Degel. Wannan ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804. Da jama'a suka yanke shawarar naɗa shugaba, Malam Abdullahi ne ya fara miƙa hannu ya yi wa Shehu mubaya'a, sa'an nan Muhammadu Bello. Bayan wata huɗu Yunfa ya taso da rundunar Gobir da Azbinawa da ke taimakonsa, da barade da 'yan lifida, aka gamu a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni. Malam Abdullahi ne ya jagoranci jama'a a ranar. Dawakinsu ba su wuce 20 ba, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, ga yunwa. Amma kafin rana ta faɗi Yunfa ya juya da baya, ya bar dawaki da sulke da tambura da kayan sarauta a fili. Malam ya kwatanta wannan rana da ta Badar, kuma duk wanda ya duba yawan ɓangarorin biyu ba zai ce ya yi zuƙu ba.

To, daga wannan rana ta farin ciki damuwarsa ta soma. Bari in ɗan tsaya a nan in bayyana yadda ganima ke aiki, don sai da na fahimci wannan na gane abin da ke cin Malam. A shari'a idan an ci yaƙi, ana tara abin da aka samu wuri ɗaya, a fitar da kashi ɗaya cikin biyar, wato humusi, a kai baitulmali don maslahar jama'a, sauran kashi huɗu a raba wa mayaƙa. A mazhabar Malikiyya mai tafiya a ƙasa yana da rabo ɗaya, mai doki kuwa uku, ɗaya nasa biyu na dokinsa. Hikimar a bayyane take, doki yana da tsada, yana cin dawa da harawa, kuma shi ke karya rundunar abokan gaba. Amma ku duba abin da ke biyowa. Wanda ya samu doki a Kwatto, a yaƙi na gaba rabonsa ya ninka na maƙwabcinsa sau uku, da wannan ya ƙara doki, ya ɗora barorinsa a kai, ya samu bayi masu yi masa noma da yankan ciyawa. Kafin shekara uku almajirin da ya fito Degel da allo da buta ya zama mai barga da zaure da fadawa. Wannan kuwa idan an yi rabon bisa ƙa'ida ke nan. A yaƙe-yaƙen farko ma ba a yi ba, wanda ya damƙi abu ya zama nasa, har sai da Shehu ya ɗora amininsa Malam Umaru Alkammu a kan ajiyar ganima.

Abu na biyu shi ne mutuwa ta riƙa zaɓen mutanen kirki. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, an kashe mahaddata Alƙur'ani kimanin 200 a rana ɗaya. Gurbinsu ya cika da waɗanda suka shigo bayan an fara cin nasara, wasu don imani, wasu don shanu da bayi. A 1805 Malam Abdullahi da Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo suka ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, aka naɗa Usman Masa, jama'a kuma ta tashi daga Sabon Gari ta Zamfara ta sauka Gwandu. A ƙarshen shekarar nan, suna kan hanyar taryar rundunar Gobir da Azbin, mayaƙa suka fāɗa wa garin Kwalde, wanda ke da amana tsakaninsa da jama'a, suka wasashe shi. Malam Abdullahi da Muhammadu Bello sun yi iya ƙoƙarinsu su hana, ba wanda ya saurare su, Bello ma saura kaɗan nasa mutane su hallaka shi. 'Yan kwanaki bayan haka aka gamu a Alwasa, aka karya su mummunar karyawa, mutum wajen 1,000 suka kwanta, Usman Masa ya juya baya, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu wadda a lokacin ko ganuwar kirki ba ta da ita. Da ƙyar aka kore su. A wurin Malam, Kwalde ce ta haifi Alwasa, rundunar da ta ci amana don dukiya ba ta da dalilin tsammanin taimakon Allah.

Duk da haka nasara ta ci gaba da zuwa, garuruwa suna faɗuwa, tutoci suna tafiya Katsina da Kano da Zazzau. A daidai wannan lokaci, da kowa ke ganin an kusa hutawa, wajen 1807, runduna ta ɗaura ɗamarar zuwa Alƙalawa, sai Malam Abdullahi ya janye jiki daga cikinta shi da mutum biyar, ya fuskanci gabas da niyyar Makka da Madina, ba da niyyar dawowa ba. Sun yi kwana uku a daji ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye. Ku auna wannan da kyau. Wazirin Shehu ne, mutum na biyu a daula, wanda ya ci Kwatto ya ci Birnin Kabi, ya bar komai ya kama hanya kamar ɗan gudun hijira. Dalilansa ya zuba su a wata waƙarsa ta Larabci da ke cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi a 1813, wanda wani Bature mai suna Hiskett ya fassara aka buga a Ibadan a 1963. Abin da ya koka a kai shi ne abokansa na gaskiya sun mutu a fagen fama, an bar shi cikin mutanen da suka mayar da jihadi hanyar neman mulki da matsayi, masu naɗa jahilai a manyan muƙamai, masu tara ƙwaraƙwarai da tufafin alfarma, masu cin ganima da rashawa, masu son kaɗe-kaɗe da bushe-bushe. A cikin jerin nan har da dawakin da ake kiwo don sukuwa a cikin gari, waɗanda ba su san fagen yaƙi ba.

Wannan batu na dawaki shi ya fi tsaya mini a rai. Malam bai ƙi doki ba, a kansa ya yi rayuwarsa ta yaƙi. Abin da ya raba shi ne dokin da ake ciyarwa don tsaron jama'a da dokin da ake ciyarwa don a ga mai shi, alhali dawar da suke ci daga rumbu ɗaya take fitowa. Wata rana a ofis ina ba wani abokin aikina wannan labari, Kirista ne mutumin Zuru, sai ya yi dariya ya ce ai suna da irinsa a Tsohon Alkawari. Ya nuna mini inda aka shar'anta wa sarkin Bani Isra'ila abu uku, kada ya yawaita dawaki, kada ya yawaita mata, kada ya tara azurfa da zinariya, kuma ya ajiye littafin shari'a kusa da shi yana karantawa muddin ransa. Ya kuma nuna mini inda Annabi Sama'ila na cikin littafinsu ya gargaɗi mutanen da suka nace sai an naɗa musu sarki, cewa zai ɗebi 'ya'yansu maza su yi ta gudu gaban karusansa, ya karɓi ushirin hatsinsu ya ba fadawansa. Ni kuma na tuna masa da labarin Ɗalutu a Suratul Baƙara, inda mutanen nan suka raina sarkin da aka zaɓa musu don ba shi da yalwar dukiya, aka nuna musu cewa an fifita shi da ilmi da ƙarfin jiki. Doki da mace da zinariya, kusan jerin Malam Abdullahi ke nan, tsakaninsu kuwa akwai shekaru fiye da 2,000 da hamadar Sahara. Muna cikin hirar sai ga jiniya, kwambar motoci ta wuce ta bakin sakatariya, muka dubi juna, kowa ya koma kan fayil ɗinsa.

Malam bai kai Makka ba. Da ya iso Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka riƙe shi suka ce sai ya koya musu yadda za su tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya tarar da abin da ya gudo wa yana nan a Kano, ya kuwa faɗa musu haka ba ɓoye-ɓoye. Ya karantar da tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya zama jagoran sarakuna da alƙalai a daular nan. A ciki ya bayyana yadda ake zaɓen shugaba da abin da ke kansa, da hanyoyin da dukiya ke halatta ta shiga baitulmali da inda za ta fita, da haramcin kyautar da ake kai wa mai muƙami saboda muƙaminsa, ya kuma jawo nasihar da Shehu Magili ya yi wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa shekara 300 kafin nan. Kanawa sun ji magana a lokacin, har suka farfasa kayan kiɗan fada, suka mayar da kwangon tambura akushin zuba wa dawaki abinci. Bayan haka ya sake shawara ya komo gida. Ni a ganina Kano ce ta nuna masa cewa cutar ba ta Gwandu kaɗai ba ce, tana biye da mulki duk inda ya sauka, don haka gudu ba zai yi maganinta ba.

Ya dawo ya ci gaba da jan runduna. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa, Malam kuma ya juya yamma da kudu, ya haye Kwara zuwa Dendi da Gurma. Da Shehu ya koma Sifawa, shi ya zauna Boɗinga kusa da shi, kuma a 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Ko a wannan lokaci bai saki ra'ayinsa ba, har ya sha bamban da Shehu kansa a kan sunayen sarauta da kaɗe-kaɗe da sa tufafin alfarma da aka samo a ganima. Shehu ya fi sassauci, yana ganin inda malamai suka yi saɓani bai kamata a tsananta wa jama'a ba, Malam kuwa yana tsoron cewa ƙaramar kafa ce ke mayar da khalifanci sarautar gado irin wadda suka yaƙa. Sun yi wannan muhawara a rubuce, littafi yana amsa littafi, ba tare da ƙane ya fita daga biyayyar wa ba. Ba zan ɓoye ba, mai karanta Malam zai ga mutum ne mai zafi, mai kaifin harshe, wanda zama da shi ba zai yi sauƙi ba. Kuma shi ma ɗan zamaninsa ne, yaƙe-yaƙen da ya jagoranta sun kamo bayi kamar na kowa, abin da ya tsaya a kai shi ne kada a bautar da wanda shari'a ta ce ɗa ne, kada kuma a ci rabon wani.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo masa a 1817. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu, Malam ya taso daga Boɗinga, ya tarar an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Mutum ne mai mabiya da rabin daula a hannunsa, kuma a ilmi da shekaru da hidima ba wanda ya fi shi hujjar neman wannan matsayi. Da ya so ya gwada ƙarfi da an zubar da jini mai yawa. Sai ya juya akalar dokinsa ya tafi Gwandu. Ransa ya ɓaci, wannan ba a musu, domin ya yi shekaru bai yi mubaya'a ba, ya kuma rubuta littafi a kan yadda ya kamata a zaɓi shugaba. Amma bai ja runduna zuwa Sakkwato ba.

Abin da ya sasanta su kuwa, ikon Allah, dawaki ne. Bayan an murƙushe tawayen Abdussalami a Kware a farkon 1818, sauran mutanensa suka taru a Kalambaina ta kusa da Gwandu, ba ta Sakkwato mai kamfanin siminti ba, suka ƙi Malam. Ya yi ta fama da su ƙarfinsa bai kai ba, yawancin mayaƙa da barade suna gabas wajen Bello. Wajen 1820 Bello ya taso da rundunarsa, aka haɗu aka ci garin. Da suka yi arba bayan yaƙi, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Malam ya yi masa ishara ya zauna, shi ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi, ya kuma miƙa wa Giɗaɗo ɗan Laima alkyabbarsa ta wazirci. Na sha tunanin abin da ke ransa a ranar. Mutumin da ya fi kowa tsoron tarin dawaki ya ga cewa ba don tarin dawakin ɗan wansa ba da Gwandu ta tafi. Wannan rauni kuwa bai rabu da Gwandu ba, domin ƙasa ce mai faɗi, daga Liptako har Nufe da Ilori, amma ƙofar gidanta ba ta taɓa samun cikakken tsaro ba. A 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa daga Argungu, a 1860 aka kashe Sarkin Gwandu Haliru, ɗan Malam na cikinsa, a Tilli, kuma mu mutanen Kalgo da Ambursa kakanninmu a bakin wannan daga suka yi rayuwarsu har zuwan Turawa. Saboda haka ban yarda da masu cewa amsar mai sauƙi ce ba. Ƙasa tana buƙatar doki, sai dai wanda zai tsaya ya tantance na fage da na cikin gari shi ne ke wuyar samu.

Bayan Kalambaina Malam ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari harkar mulki da yaƙi, ya koma kan buzunsa. Dama tun 1815 zuwa 1816 ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961 cikin mujalladi huɗu, kuma har yau ana karanta shi a zaurukanmu da azumi. Daga baya ya taƙaita shi a Kifayatu Lu'afa'is Sudan don masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ga Bahrul Muhiɗi a nahawu, ga Hisnur Rasini a sarfu, ga Liya'us Siyasati, da wasu masu yawa. Sauran shekarunsa ya yi su yana karantarwa a Gwandu, ya rasu a farkon shekarar 1245 ta hijira, wato 1829, yana da shekara 65, aka rufe shi a nan cikin garin, wurin da malaminmu ya tsayar da mu a rana yana bayani muna ta hamma. Fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi sunansa take ɗauke da shi. Na koma hubbaren bara ni kaɗai, bayan la'asar, na tarar da wasu almajirai uku a zaune a inuwa suna bitar karatu. Allah Ya jiƙan Malam da rahama, Ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.